Tabarau na Kwamfuta da Farkawar Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙauyukan da ke kewayen Ringim da Taura, matasa da yawa sun ga bidiyon wannan tabarau a wayoyinsu tun kafin su taɓa riƙe shi, kuma ga irin tambayoyin da sukan kawo wa malamai bayan an tashi daga wazifa.

Allah gafarta Malam, mene ne wannan tabarau, kuma yaya yake aiki?

Na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska, tana nuna wa kowane ido hotonsa, kuma hoton idon dama ya ɗan bambanta da na hagu, wanda shi ne yake sa ƙwaƙwalwa ta ga zurfi da nisa. Da zarar mutum ya juya kai, na'urar takan auna juyawar ta sauya hoton nan take. Masanin kwamfuta Ivan Sutherland ya ƙera wani samfurin farko a Amurka a 1968, sannan Facebook ya sayi kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan tabarau, a 2014 kan kimanin dala biliyan 2.

Me ya sa mutum yake firgita alhali ya san ba gaskiya ba ne?

Saboda jiki yana gaskata ido kafin hankali ya yi magana. Mutum yana tsaye a tsakar ɗaki, a nuna masa kansa a bakin dogon bene, sai gwiwoyinsa su kama rawa, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. A 1998 masu bincike biyu, Botvinick da Cohen, sun ɓoye hannun mutum suka ajiye na roba a gabansa, suna shafa hannayen biyu a tare, har ya fara jin na robar nasa ne. Wannan ya nuna cewa jin "ga ni nan, wannan jikina ne" abu ne da ƙwaƙwalwa take harhaɗawa daga saƙonnin gaɓoɓi, kuma ana iya ruɗar ta.

Shin wannan ne malaman tasawwufi suke nufi da gafala da farkawa?

Akwai kusanci, kuma shi ne abin da ya fi jan hankalina. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi tambaya ko farken da muke ciki ba shi ma barci ba ne idan aka gwada shi da wani hali da ya fi shi, tunda mai mafarki ba ya shakkar abin da yake gani sai ya farka. Mabiya addinin Hindu da na Buda ma sun daɗe suna cewa abin da ido yake nunawa ba shi ne haƙiƙa ba, duk da cewa aƙidarsu daban take da tamu. Tabarau ya tabbatar da rabin zancen kawai, wato gani yana yaudara kamar ƙawalwalniya a kan titi lokacin bazara. Sauran rabin, wato abin da ke bayan labulen, ba shi da hanyar nuna shi.

To, zai iya maye gurbin halwa da zikiri?

A ganina ba zai iya ba. Mai shiga halwa yana rage abin da ido da kunne suke sha ne domin zuciya ta natsu, shi kuwa tabarau ƙara musu yake yi. A Ƙadiriyya da Tijjaniyya ana bin wuridi ne da izinin shehi ko muƙaddami, kuma ana gane tasirin tarbiyya daga halayen muridi, kamar haƙurinsa da iyalinsa da gaskiyarsa a awon hatsi ranar kasuwa. Amfanin na'urar yana wajen koyarwa, kamar nuna wa maniyyaci yadda Harami yake kafin ya tafi. Ko da hukumar Masallatai Biyu ta Saudiyya ta ƙaddamar da kallon Hajarul Aswad ta wannan hanya a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya ta bayyana cewa wannan ziyarar ba aikin Hajji ba ce, domin dole ne ƙafar mahajjaci ta taka ƙasar.