Ciwon damuwa ga masu ɗauke da ƙwayar HIV

Ciwon damuwa, wanda likitocin Sudan ke kira ikti'ab da Larabci, cuta ce da ƙuncin rai da rashin sha'awar komai ke zaunawa da mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye. Bincike ya nuna masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki sun fi sauran mutane kamuwa da shi da kusan ninki biyu.

Tarihi a Sudan

An ba da rahoton mutum na farko mai ƙanjamau a ƙasar wajen 1986, aka kafa shirin yaƙi da cutar na ƙasa jim kaɗan bayan haka. Likitancin tabin hankali ya girmi wannan da nisa: likita Tijjani al-Mahi, wanda asibitin masu tabin hankali na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki tare da malaman gargajiya tun shekarun 1950. Har yau Hausawan Mai Wurno da Gadarif da Kasala sukan fara zuwa wajen malami neman rubutu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe asibitoci da yawa a Hartum, ya katse wa mutane magani.

Dalilai

Tsangwama da ɓoye sirri ga miji ko mata suna kan gaba. Maganin HIV mai suna efavirenz ma yana kawo jiri da munanan mafarkai da rashin barci, musamman a makonnin farko, shi ya sa ake shan sa da dare. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da wani maganin HIV, dolutegravir, maimakonsa.

Ganewa

Ana amfani da takardar tambayoyi tara, PHQ-9. Maki 10 zuwa sama na nuna buƙatar kulawa. Wahalar ita ce gajiya da ramewa da rashin cin abinci sun yi kama da tarin fuka ko ƙarancin jini, don haka dole a auna waɗannan tukuna. Tambayar ƙarshe, ta tunanin kashe kai, ba a tsallake ta, ko da kunya ta hana majiyyacin ɗaga kai.

Magani

Ana ba da maganin damuwa, fluoxetine ko amitriptyline, tare da nasihar ƙwararre. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji sauƙi, kuma da yawa sukan daina a wannan tazarar. Ritonavir, wani maganin HIV, na iya ƙara ƙarfin amitriptyline a jini, sai a rage adadin. Mai damuwar da ba a kula da ita ba yakan riƙa tsallake ƙwayoyin maganin HIV ɗinsa, ƙwayar cutar ta sake yawaita ta kuma daina jin magani.