Geranium solanderi: tambayoyi kan tsiron dajin Ostareliya mai saiwar ci

Wane irin tsiro ne?

Ganye ne mai yaɗo ƙasa-ƙasa, yana fitowa da kansa a filayen ciyawa da dazuzzukan Ostareliya, musamman jihohin Victoria, New South Wales da Tasmaniya, har da ƙasar New Zealand. Furensa ƙanana ne, ja-ja mai haske, galibi biyu-biyu a kara ɗaya. Sunansa na kimiyya daga Daniel Solander ne, masanin tsirrai ɗan Suwidin da ya isa gabar Ostareliya tare da Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, a 1770.

Da gaske ana cin saiwar?

Ana ci. Mutanen asalin Ostareliya sun daɗe suna haƙo ta su gasa a rushi. Kumburarriya ce kamar ƙaramin karas, amma ɗanyarta akwai bauri, kuma tana tsufa tana ƙara kauri da zare, shi ya sa gashin ya zama dole. A kula: furen da ake sayarwa na ado da sunan geranium yawanci Pelargonium ne, wani jinsi daban. Kada a haƙo shi a ce za a ci.

Yaya ake samun iri?

Nan ne wahalar take. 'Ya'yan suna da dogon baki mai tsini, da zarar sun bushe sai bakin ya nannaɗe ya harba irin nesa. Wanda ya jira sai ya tarar da kwanso babu komai. Idan bakin ya fara duhu, a ɗaura masa 'yar jakar yadi marar kauri, irin ya zube a ciki.

Me ya sa irin yake ƙin tsira?

Ɓawonsa ne ke hana ruwa shiga. A goga gefe ɗaya kaɗan da takardar gugar katako, a jiƙa shi dare ɗaya, a rufe da ƙasa kamar milimita 5, ba fiye ba.

Wace ƙasa yake so?

Mai laima amma mai tsane ruwa, a rana ko inuwa-inuwa. Ruwa ya kwanta, saiwar ta ruɓe. A tukunya, zurfinta ya kai santimita 30 don saiwar ta miƙe. Dashe kuwa a yi shi tun yana ƙarami, domin in uwar saiwar ta karye ba ta kumbura yadda ya kamata. Dodon koɗi na cinye sababbin tsiro da dare, sai an tsare su. A bar tsiron ya shiga shekara ta biyu kafin a haƙa.