Tambayoyi da amsoshi kan saka samfurin ONNX a manhajar ciniki mai sarrafa kanta

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaita mini, saboda haka na tattara su wuri guda, kuma ina roƙon a karanta su kafin a sake tambaya.

Idan na fitar da samfurina (lissafin da kwamfuta ta koya daga bayanai) zuwa tsarin fayil na ONNX, zai ci gaba da koyo a cikin manhajar?

A'a. Abin da ke cikin fayil ɗin lissafi ne da aka riga aka kammala. Idan kana son ya koyi sabon abu, ka koma Python, yaren rubuta manhaja da ka horar da shi a ciki, ka sake horar da shi, ka sake fitarwa.

Mene ne ONNX ɗin?

Tsarin ajiye samfuri ne da Microsoft da Facebook suka fito da shi a 2017, domin abin da aka horar a kayan horar da samfuri irin su PyTorch ko scikit-learn ya yi aiki a wata manhaja dabam. Manhajar ciniki ta MetaTrader 5 ta fara karɓarsa a 2023.

Sai na girka Python a kwamfutar da ke cinikin?

Ba sai ka girka ba, wannan ne ma amfanin fitarwar.

Me ya sa amsar da samfurin ke bayarwa a manhajar ciniki ta bambanta da ta Python?

Nan ne ainihin wahalar take, kuma ba zan iya nuna maka dalili ɗaya tak ba tare da na ga aikinka ba. Sau da yawa samfurin lafiyarsa ƙalau, bayanan da ake ba shi ne suka canza. Ka fara duba daidaita lambobi: idan ka cire matsakaici ka raba da ma'aunin warwatsuwa lokacin horarwa, dole ka yi amfani da waɗancan lambobin daidai a manhajar, domin ba sa shiga fayil ɗin sai ka saka su da kanka. Mutane da dama sukan sake lissafa su daga farashin yau, sannan su yi mamaki. Bayan haka ka duba jerin kyandirori (kowane kyandir yana nuna motsin farashi na wani ƙayyadadden lokaci), domin a MQL5, yaren rubuta manhaja na MetaTrader 5, jeri na iya farawa daga mafi daɗewa ko daga mafi sabo, kuma samfurin ba zai yi ƙorafi ba idan ka juya masa su, amsa kawai zai bayar. Kyandir na ƙarshe da bai rufe ba ma yana ɓata lissafi, tunda da rufaffu aka horar da shi.

Akwai kuma batun nau'in lamba. Farashi a MQL5 double ne, mai riƙe lambobi da yawa bayan ɗigo, yawancin samfura kuwa float32 suke karɓa, wanda bai kai shi riƙewa ba. Bambancin yakan zama ƙanƙane, amma a samfuran bishiyar yanke hukunci yana iya karkatar da amsa zuwa wani reshe idan lambar tana bakin iyaka. Wataƙila ma agogon dillalinka ne ya saɓa da na bayanan horarwa. Shawarata ita ce ka ɗauki layin bayanai guda, ka buga shi a ɓangarorin biyu, ka kwatanta lamba bayan lamba kafin ka zargi samfurin. Idan bambancin yana can ƙarshen lambobin bayan ɗigo kuma hukuncin bai canza ba, ka kwantar da hankalinka.

OnnxRun, umarnin da ke gudanar da samfurin a MQL5, yana ba ni kuskure, me zan yi?

Ka buɗe fayil ɗin a Netron, manhajar duba cikin samfuri, ka ga siffar abin da yake karɓa, sannan ka bayyana ta da umarnin OnnxSetInputShape. Idan manhajar cinikin ta ƙi buɗe fayil ɗin ma, ka sake fitarwa da lambar opset (sigar umarnin ONNX) ta ƙasa.

Gwaji a kan farashin baya ya nuna riba mai yawa, in zuba kuɗi?

Kada ka zuba. Idan lokacin da ka gwada ya shiga cikin wanda ka horar da samfurin a kansa, ba ka gwada komai ba. Ka ware watannin da bai taɓa gani ba, ka sa tazarar farashin saye da sayarwa da ladan dillali a lissafi, sannan ka bar shi ya yi aiki a asusun gwaji tukuna.