Speicherstadt, unguwar sito-sito ta Hamburg

Speicherstadt tsohuwar unguwar ajiyar kaya ce a tashar jiragen ruwa ta Hamburg, a arewacin Jamus. Benaye ne na jan bulo jere a bakin mashigan ruwa da ke haɗe da kogin Elbe, tsawon jerin ya kai kimanin kilomita ɗaya da rabi.

Kuɗin fito ne silar gina ta. Da Hamburg ta amince ta shiga tsarin kwastan na daular Jamus, sai aka ware mata yanki a tashar inda fatake za su riƙa jibge kayan ƙetare ba tare da biyan haraji ba. An fara gini a 1883, Sarki Wilhelm na Biyu ya buɗe kashin farko a 1888, aiki bai ƙare ba sai 1927. Wurin kuwa da jama'arsa a ciki: mutane kusan 20,000 aka tasa daga unguwannin Kehrwieder da Wandrahm, attajirai da leburorin tasha, aka rushe gidajensu.

Ƙasar wurin laka ce, shi ya sa aka kafa dubban turakun itace aka ɗora gine-ginen a kansu. Yawancin sito-siton fuska biyu gare su, ɗaya ga ruwa, ɗaya ga titi. A da, kwale-kwalen kaya kan tsaya ta baya, a sako igiya daga ƙololuwar bene a ja buhunan gahawa, koko, ganyen shayi, taba ko kayan yaji, kowanne ya shiga ƙofar hawansa. Kaurin bango ke riƙe sanyi daidai, kaya su daɗe ba su lalace ba. Ma'ajiyan wancan lokacin kuma ba gadi kaɗai suke yi ba. Su ke ɗanɗana kaya, su tantance, su rarraba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe kusan rabin unguwar, aka sake gina mafi yawanta. Zuwan kwantena ne ya kashe mata kasuwa, kodayake dillalan darduma sun daɗe suna riƙe da wasu benayen. Yau ofisoshi da gidajen tarihi sun fi yawa, har da Miniatur Wunderland, gidan baje kolin 'yan ƙananan siffofin jiragen ƙasa da birane.

Tun 1991 doka ke kare ta. A 2015 UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihi na duniya tare da maƙwabciyarta Kontorhausviertel, unguwar ofisoshin 'yan kasuwa, inda Chilehaus yake, benen da Fritz Höger ya zana, mai tsinin kusurwa kamar goshin jirgin ruwa.