Awanni da sa hannun manaja a manhajar aiki: a karanta kafin a sake bugo waya

Masu ƙananan kamfanoni a Kumasi ta ƙasar Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase, da suka koma bin ayyukansu da manhajar Jira ko Odoo ko Zoho Projects, tambayoyinku kullum su ne dai ba sa canzawa. To ga amsoshin.

Na mayar da aikin "an gama", me ya sa awannina ba su fito ba?

Don ba ka rubuta su ba. Matsayin aiki daban, awanni daban.

Awa ɗaya da rabi, 1.30 zan sa?

A'a, 1.5. A gurbin lamba mai ɗigo, 1.30 awa ɗaya ne da minti 18, ka ga ka cuci kanka minti 12. Kwata 0.25 ne, minti 45 kuma 0.75. A Jira rubuta 1h 30m. Sannan 1d, wato kwana ɗaya, a can awa 8 ne, ba 24 ba, sai dai in mai kula da manhajar ya canza shi.

Ba zan iya bari sai Juma'a in cike na mako gaba ɗaya ba?

Ɗan'uwa, ko tuwon da ka ci ranar Talata ba ka tuna miyarsa ba. Cike kullum kafin ka tashi. In kamfanin lantarki na ECG sun ɗauke wuta, waya tana hannunka, biro da takarda ma ba su ƙare ba. Takardar awannin da kowace rana ta nuna 8, 8, 8 cif, duk manajan da ya san aikinsa ya san ƙirƙira aka yi.

An amince da takardar, an rufe watan, sai kuskure ya bayyana. Yaya za a yi?

Kwantar da hankali, ana gyarawa. Amma amsar ta danganta da inda awannin suka kai.

In amincewa kawai aka yi, ba a tura wa kwastoma takardar neman biya ba, ba a kuma yi albashi ba, abin da sauƙi: manaja ya sake buɗe makon, mai awannin ya gyara da hannunsa, ya sake turawa. Ban so manaja ya gyara wa mutum a ɓoye, ko da manhajar ta ba shi dama, domin ranar da gardama ta tashi sunansa za a gani a tarihin gyare-gyare.

In takardar neman biya ta riga ta fita, galibi gara a bar tsohon rubutun yadda yake. Ka taɓa shi, jimlar da ke manhaja ta saɓa da abin da ke hannun kwastoma, akanta ya wuni yana neman awa uku da suka ɓata. A shigar da gyaran a watan da yake buɗe, da bayanin ranar da aka yi kuskuren. Ƙari ba wuya. Ragi ne matsala, don ba kowace manhaja ke karɓar awa mai alamar ragi ba. In taku ba ta karɓa, sai akanta ya ba kwastoma takardar ragin kuɗi. A kuma duba irin kuskuren. Awanni sun faɗa kan wani aiki amma kwastoma ɗaya, farashi ɗaya? Wataƙila bayani a rubuce ya isa. Sun faɗa kan wani kwastoma daban? Wannan an caji wanda bai ci ba, dole a gyara ɓangarorin biyu.

In har albashi ya fita, a tuna kuɗin fansho na SSNIT ana biya kafin 14 ga wata mai bi, harajin albashi na hukumar haraji ta GRA kuma kafin 15. SSNIT a kan ainihin albashi ake lissafa shi, don haka kuskuren awannin ƙari ya fi shafar haraji, sai fa in da awa kuke biyan mutanenku. Nan a zauna da akanta tukuna. Kuma don Allah kada a goge aikin da sunan share kuskure: a Jira, aikin da aka goge yana tafiya da duk awannin da ke kansa.

Lokacin masallacin Juma'a da cunkoson kasuwar Kejetia fa?

Masallaci ba a ɗora wa kwastoma. Tafiya daga ofis zuwa wurin aiki a buɗe mata aikinta daban, a sa mata alamar ba a caji, sai in kwangila ta ce a caja. Trotro, wato motar haya, daga gida zuwa ofis ba ya shiga.

Manaja ya tafi Hajji, wa zai sa hannu?

Wanda ya kamata a naɗa mataimaki a manhajar tun kafin Alhaji ya hau jirgi. Kada a karɓi kalmar sirrinsa, kuma kada kowa ya amince da takardar kansa.

Na yi awa 46, manhajar ba ta nuna awannin ƙari ba.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce awa 8 a rana ko 40 a mako, amma manhaja ba ta san doka ba sai an saita mata.

Ta nuna ina da bashin awa 8 ranar Sallah.

Kalandar ce ba a gyara ba. A sa 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, da sauran hutun ƙasa, Sallah ƙarama da babba kuma a sake shigar da su kowace shekara, tunda ranarsu tana matsawa.