Link 16 da zangon rediyon jiragen sama na farar hula

Link 16 tsarin sadarwa ne na soji da Amurka da ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO ke amfani da shi wajen musayar bayanai tsakanin jiragen yaƙi, jiragen ruwa da dakarun ƙasa. Yana aiki a zangon rediyo na megahaz 960 zuwa 1215, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta keɓe wa na'urorin da ke nuna wa jiragen sama hanya. Wato baƙo ne a zangon. An ba shi masauki bisa sashe na 4.4 na dokokin rediyo na ITU: kada ya yi wa masu gida katsalandan, in kuma su suka shiga masa, ba shi da bakin ƙorafi.

Masu gida

Babban mai gida shi ne DME, na'urar da ke gaya wa matuƙi nisansa da wata tasha a ƙasa. Jirgi kan aika bugun sigina biyu a jere, tashar ta ɗan dakata na ƙayyadadden lokaci ta mayar da amsa, sai na'urar jirgin ta auna lokacin zuwa da dawowa ta fitar da nisa. Tashoshin DME sun bazu daga megahaz 962 zuwa 1213, da tazarar megahaz ɗaya tsakaninsu, kuma TACAN, makamancin tsarin nuna hanya na sojoji, ma a nan yake. A tsakiyar zangon akwai mitoci biyu, wato lambobin megahaz biyu, da ba a wasa da su. A kan 1030 na'urar rada ke tambayar jirgi ko wane ne shi, a kan 1090 jirgin ke amsawa da lambarsa da tsawon da yake a sama. TCAS, mai gargaɗin matuƙa idan jirage biyu na neman yin karo, da waɗannan mitocin yake aiki, wani tsarin kuma, ADS-B, a kan 1090 yake shelar inda jirgi yake.

Yadda ake kauce wa juna

Link 16 ba ya zama a mita ɗaya. Yana tsalle tsakanin mitoci 51, daga megahaz 969 zuwa 1206, kusan sau 77,000 a sakan guda. An yi hakan ne don abokan gaba su kasa toshe shi, amma dabarar ta amfani jiragen fasinja: bugun da ya faɗa kan tashar DME ba ya daɗewa, wanda ke biye da shi kuma galibi wata mitar yake komawa. Tun da DME tagwayen bugu masu takamaiman tazara take nema, bugu ɗaya tilo ba kasafai yake ruɗa ta ba. An kuma raba mitocin gida uku, 969 zuwa 1008, 1053 zuwa 1065, da 1113 zuwa 1206, aka bar fili a kewayen 1030 da 1090.

Haɗarin yana cikin yawa. Idan na'urori da dama suna watsawa kusa da tasha, bugunsu kan taru ya danne tambayoyin jirage masu nisa, amsoshi su ragu, na'urar jirgi ta daɗe tana laluben tashar. Shi ya sa ake ƙirga bugun. Link 16 ya yanka kowane sakan 12 zuwa gurabe 1,536, kuma gurbi na yau da kullum yana ɗaukar bugu 258. Jimlarsu, 396,288, ita ake ɗauka a matsayin kashi 100 cikin 100. Ƙa'idar da aka fi sani, 100/50, ta ce dukan na'urorin da ke yanki ɗaya kada su wuce wannan jimla, na'ura ɗaya kuma kada ta ci fiye da rabi. Kowace ƙasa tana da yarjejeniyarta tsakanin sojoji da hukumar jiragen sama, wadda ke fayyace iyakar watsawa da nisan da za a bari daga tashoshin ƙasa. A cikin na'urorin ma akwai mai gadi da ke kashe watsawa da zarar sigina ya kauce wa ƙa'ida. Wannan tsaurin ya dace, domin matuƙin da ke gangarowa cikin hazo da lambar nisan da ke gabansa ya dogara.

Zangon na cikowa

A taron ITU na 2000 an buɗe megahaz 1164 zuwa 1215 ga taurarin ɗan'adam masu nuna hanya. Siginar L5 ta GPS da E5a ta Galileo, takwaransa na Turai, suna kan 1176.45, kuma da rauni ƙwarai suke isowa ƙasa, don haka bugun DME da na Link 16 duka suna damun su. A 2007 aka ƙara ba sadarwar jiragen farar hula wuri a 960 zuwa 1164, inda ake shirya sabon tsarin LDACS. A Amurka, yarjejeniyar 2002 tsakanin ma'aikatun tsaro da sufuri ta sa aka sake fasalin na'urorin Link 16, ta yadda za su iya sakin mitoci 14 daga cikin 51 su ci gaba da aiki da 37.