Na'urar Wasan Ilimi ta Hannu ga Ƙananan Yara

Na'urar wasan ilimi ta hannu ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir, wadda yaro ke riƙewa a hannu yana buga gem a kanta, an kuma tsara wasanninta ne domin su koyar da haruffa, ƙidaya, launuka, siffofi ko wani harshe. Galibi tana da ƙaramar fuska, da maɓallai ko alƙalamin taɓawa, da lasifikar da ke furta kalmomi, kuma yawancin kamfanoni suna ƙera ta ne saboda yaran da ke tsakanin shekara 3 da 9. A birni kamar Sakkwato tana shiga gidaje ta hanyoyi uku: shagunan kayan wasan yara, tsarabar masu dawowa daga Saudiyya ko Dubai, da kuma kayan na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Rubutun da ke jikin kwali cewa na'urar ta ilimi ce magana ce ta mai sayarwa, domin hukumomin da ke tantance wasanni, wato ESRB da aka kafa a Amurka a 1994 da PEGI da ta fara aiki a Turai a 2003, abin da suke dubawa shi ne ko akwai faɗa, batsa ko zagi a cikin wasa, ba sa auna ko yaro zai ƙaru da shi.

Tarihi

Kamfanin Texas Instruments na Amurka yana cikin waɗanda suka buɗe wannan fage, inda ya fitar da Little Professor a 1976, wata 'yar na'ura mai kama da kalkuleta wadda ita ke ba yaro lissafi ta jira amsarsa. A 1978 ya biyo da Speak & Spell, wadda ke furta kalmar Turanci da muryar inji ta nemi yaro ya rubuta ta. A ɓangaren nishaɗi kuwa, Nintendo na Japan ya fito da Game & Watch a 1980 da Game Boy a 1989, kuma Game Boy ce ta sabar wa duniya da tsarin na'ura guda mai karɓar kaset-kaset na wasanni daban-daban. Kamfanin LeapFrog na jihar Kalifoniya ya ɗauki wannan tsari ya cika shi da darussa a na'urarsa ta Leapster a 2003, sannan Leapster Explorer a 2010 da LeapsterGS a 2012, yayin da abokin gasarsa VTech, wanda aka kafa a Hong Kong a 1976, ya fitar da V.Smile a 2004 da MobiGo a 2010. Yaɗuwar manyan wayoyi da kwamfutocin hannu ta cinye kasuwar waɗannan na'urori, har VTech ya saye LeapFrog a 2016.

Ire-irenta

Abin da ake samu a kasuwa a yau ya kasu uku. Akwai na'urar da aka ƙera domin koyarwa kaɗai, wadda ba ta buƙatar intanet, wasanninta kuma a cikinta suke ko a kaset. Wannan ita ce mafi sauƙin sarrafawa ga iyaye, sai dai yaro kan ƙure abin da ke cikinta ya gaji da ita. Akwai kwamfutar hannu ta yara, irin Fire Kids Edition da Amazon ya fara sayarwa a 2014, mai rigar roba da wurin da iyaye ke ƙayyade lokaci, wadda ake sauke mata manhajoji. Na uku shi ne na'urar gem ta kowa da kowa, kamar Nintendo Switch Lite ta 2019, wadda tsadarta da yawan rubutun da ke cikin wasanninta suka sa ta fi dacewa da yaron da ya riga ya iya karatu. Ban da waɗannan akwai masu araha marasa sunan kamfani, waɗanda ake rubuta wa cewa suna ɗauke da ɗaruruwan wasanni, alhali sau da yawa 'yan wasanni ne kaɗan aka maimaita da sauri daban-daban, kuma babu darasi a cikinsu.

Shekaru da tsawon lokaci

A watan Afrilun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban fuskar na'ura, shi kuwa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da makamanciyar wannan shawara a 2016, ta ƙara da cewa babba ya zauna tare da yaron su yi tare. Wannan awa ta haɗa da talabijin da wayar uwa, ba na'urar gem kaɗai ba. Shekarun da ke jikin kwali ma suna da ma'ana biyu da ake yawan cakuɗawa: alamar da ke hana 'yan ƙasa da shekara 3 gargaɗi ce kan ƙananan sassan da yaro zai iya haɗiyewa, ita kuwa irin "4 zuwa 7" hasashen kamfani ne game da matakin darasi.

Abin da bincike ya nuna

A 2015 Kathy Hirsh-Pasek, wata masaniyar halayyar yara a Amurka, da abokan aikinta suka fitar da wani nazari da ya zama abin dogaro a wannan fanni, inda suka nuna cewa manhaja tana koyarwa ne idan ta sa yaro tunani ba latse-latse kawai ba, idan ba ta ɗauke hankalinsa da ƙyale-ƙyale ba, idan darasin yana da alaƙa da abin da ya sani a rayuwarsa, kuma idan akwai mutumin da yake magana da shi a kai. Sharaɗin farko shi ne wanda na'urori masu yawa ke faɗuwa a kansa. Idan wasa yana barin yaro ya yi ta dannawa har ya dace da amsa, sannan ya tafa masa, to dannawa ya koya, kuma mai saye zai iya gane haka tun a shago ta hanyar ba da amsar kuskure da gangan ya ga ko na'urar za ta yi bayani ko ƙara kawai za ta yi.

Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa sun nuna cewa na'ura ita kaɗai ba ta isa. Shirin One Laptop per Child, wanda aka gwada a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, an raba kwamfutocinsa da yawa a ƙasar Peru, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. A Tanzaniya kuwa, gasar Global Learning XPRIZE ta raba wa yaran ƙauyukan yankin Tanga kwamfutocin hannu na tsawon wata 15, da darussa cikin Swahili da wuraren caji masu amfani da hasken rana, aka kuma ga ci gaba a karatu da lissafi. Manhajojin onebillion da Kitkit School ne suka raba kyautar a 2019. A Tanga darussan a jere suke mataki-mataki, kuma da harshen da yaran ke ji aka yi su.

Harshe

Wannan shi ne al'amarin da ya fi shafar gidan Bahaushe, shi ne kuma ba a cika dubawa ba lokacin saye. Kusan duk waɗannan na'urori an ƙera su ne saboda yaron da Turanci ne harshen gidansu, wanda ya riga ya san kalmar da ake nuna masa, aikin da ya rage masa shi ne haɗa ta da haruffa. Yaron Sakkwato ɗan shekara 4, wanda Hausa ko Fulatanci yake ji a gida, ayyuka uku ne ke gabansa a lokaci guda: ya gane umarnin da muryar ke bayarwa da karin harshen Amurkawa ko Ingilishi, ya koyi sabuwar kalma, ya kuma koyi harafin. Hotunan ma sau da yawa baƙi ne a wurinsa, irin su ƙanƙara mai zuba da kuɗin dala da dabbobin da bai taɓa gani ba. Abin da ke biyo baya shi ne hadda, yaro ya iya rera waƙar haruffan Turanci tsaf amma ya kasa nuna harafi guda idan an raba shi da jerin.

Akwai kuma saɓani tsakanin rubutun harsunan biyu. Harafin c da na'urar za ta furta da sautin k ko s shi ne wanda Hausa ke amfani da shi a "ciki" da "cokali". Wasulan Hausa sautinsu bai cika sauyawa ba, shi ya sa ake koyar da su gaɓa-gaɓa, ba, be, bi, bo, bu, alhali wasalin Turanci guda yana iya ɗaukar sauti uku ko fiye. Haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ, da tagwaye irin su ts, ba su cikin na'urar ko kaɗan. Yaron da ke koyon karatu da Hausa a ajin farko, kamar yadda shirin Mu Karanta ya tsara a makarantun firamare na jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, yana buƙatar wani babba ya bambance masa cewa ƙa'idoji biyu ne. Saboda haka wasannin ƙidaya, siffofi da jera abubuwa sun fi saurin amfani a shekarun farko, tun da lambobi ba su dogara da harshe sosai ba, kuma uwa ko yayar yaron za ta iya maimaita masa da Hausa.

Na'urorin da ke koyar da haruffan Larabci da gajerun surori, waɗanda suka fi yawa a tsarabar alhazai, su ma suna da nasu batun. Yawancinsu a kan ruwayar Hafs aka yi su da rubutun Gabas, yayin da makarantun allo da yawa a ƙasar Hausa ke kan ruwayar Warsh da rubutun Magaribi, inda ɗigon harafin fa yake a ƙasa, na ƙaf kuma guda ɗaya ne a sama. Ga yaron da ke matakin babbaƙu da farfaru wannan bambanci yana iya rikita shi, don haka ya kyautu a tuntuɓi malaminsa kafin a saya.

Wuta, zafi da ƙura

A Sakkwato zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, alhali Nintendo, misali, ya ƙayyade a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 da 35. Batirin lithiyam da ke cikin kwamfutocin hannu yana saurin lalacewa da zafi, yana kuma iya kumbura idan an bar shi a mota ko an yi cajinsa a ƙarƙashin matashi, kuma da zarar ya kumbura sai a raba yaro da na'urar. Tsofaffin samfura irin Leapster suna cin batir AA guda 4, wanda ke da amfani inda wuta ba ta tsayawa, amma kuɗinsa yana taruwa idan ba mai caji aka saya ba. Ƙurar hunturu takan shiga ramin kaset da ƙarƙashin maɓallai, don haka na'ura mai ƙarancin ramuka da murfin roba ta fi jure yanayin.

Lafiya da tsaron bayanai

Haɗari mafi girma a jikin irin waɗannan kayan wasa shi ne ƙaramin batir mai faɗin kwabo, wanda idan ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa 2. Murfin batir ya kamata ya zama mai ɗauri da noti, kuma idan ana zargin yaro ya haɗiye shi asibiti ake nufa nan take, ba a sa shi amai. Game da sauti, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ƙayyade wa yara desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, abin da ke nuna cewa maɓallin rage ƙara wajibi ne, musamman idan yaron zai sa abin saurare a kunne.

Na'urar da ke hawa intanet tana tattara bayanai. A watan Nuwamban 2015 aka kutsa cikin rumbun VTech aka kwashe bayanan yara sama da miliyan 6, ciki har da sunaye da ranakun haihuwa, kuma a Janairun 2018 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 650,000 a Amurka. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shardanta samun yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Manhajojin kyauta kuma kan zo da tallace-tallace da tayin saye a tsakiyar wasa, waɗanda ƙaramin yaro ba ya iya bambancewa da wasan kansa, shi ya sa waɗanda ake saukewa sau ɗaya su yi aiki ba data suka fi dacewa.

Sayen na hannu

Tun da an daina ƙera yawancin fitattun samfuran, na hannu ne ke yawo a kasuwa, kuma abin dubawa na farko shi ne ko za a samu wasanninsu. Kaset ɗin Leapster ta asali ba ya aiki a Leapster Explorer, amma na Explorer yana aiki a LeapsterGS. Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urorinsa na hannu 3DS da 2DS a watan Maris na 2023, don haka wanda ya sayi ɗayansu yanzu kaset kawai zai nema, kuma kamfanin da kansa ya yi gargaɗin a kashe hoton 3D ga yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa. Kafin a biya kuɗi ana kunna na'urar a gaban mai shago, a gwada kowane maɓalli da kusurwoyin fuskar, a buɗe gidan batir a duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen, a kuma tabbatar cewa harshenta ba Faransanci ko Jamusanci ba ne, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Turai ba su da wurin sauya harshe.